Sulen Gwaggo da Makinsa Biyu

Ba don rufin ɗakin Gwaggo ya yi yoyo ba, da har yau ban san akwai mutanen da sana'arsu ke nan su duba tsohon kwabo su ba shi maki. Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, ita kaɗai ta rage mana a cikin manya, tana zaune a gidanmu na Kebbe. Ni kuwa aiki ya ajiye ni a Tambuwal, ina koyar da Hausa a wata makarantar sakandare. Wata damina aka aiko mini cewa ruwa yana sauka a kan gadonta, sai na hau mashin ranar Asabar na tafi, na nemo kafinta muka shiga fitar da kaya.

Kayan ɗakin tsohuwa ba su ƙarewa. Mun fitar da tasoshi da kwalla da tabarmin da ba a taɓa shimfiɗawa ba, sannan can ƙasan wani adudu na ci karo da gwangwanin shayi an ɗaure bakinsa da tsumma. Na ɗaga na ji nauyi, na girgiza na ji ƙara.

"Gwaggo, mene ne a ciki?"

"Tarkace na," in ji ta. "Kuɗɗin da anka daina karɓa tun ba a haife ka ba. Ɗauka, kai ka son irin wanga abu."

Da na dawo Tambuwal na zazzage gwangwanin a kan faranti. Akwai kwabbai masu huji a tsakiya, da anini, da taro, da sisi, da sulalla, wasu sun yi baƙi ƙirin, wasu sun yi kore. Guda ɗaya ce kawai aka naɗe daban a cikin ƙyallen shuɗi. Sule ne, mai launin rawaya-rawaya, gefe ɗaya bishiyar kwakwa, ɗaya gefen kan sarkin Ingila, kuma ana ganin gashin kansa sili-sili kamar jiya aka buga shi.

Ban ɗauki abin da wani muhimmanci ba, illa dai na ga na samu kayan koyarwa. Ɗalibaina suna jin taro da sisi a bakin kakanninsu amma ba su taɓa ganinsu ba. Ranar Litinin na zuba kaɗan a aljihu na tafi makaranta. Ina zaune a ofishin malamai ina jujjuya sulen nan tsakanin yatsuna, sai malamin lissafi ya kama mini wuyan hannu. Abokina ne na shekaru, mutum mai son tsari, wanda ko goro zai raba sai ya daidaita ɓarin biyu.

"Malam, daina shafa masa fuska," ya ce. "Riƙe shi ta gefe."

Na ce masa sule ne fa, ba jariri ba. Ya ja kujera ya zauna ya yi mini bayani. Yayan matarsa likita ne a Ingila, kuma ba shi da abin sha'awa da ya wuce tara tsofaffin kuɗin ƙasashenmu. A can, in ji shi, akwai kamfanoni da ke tantance irin waɗannan tsabar. Ka aika musu, masana su duba a ƙarƙashin fitila da gilashi mai ƙara girma, su ba da maki daga ɗaya zuwa saba'in, sannan su rufe kuɗin a cikin ɗan gidan roba mai garai-garai da makin a rubuce. Wanda ya samu sittin zuwa sama, ana nufin bai taɓa yawo a hannun mutane ba. Ƙasa da sittin kuwa, an kashe shi ko da sau ɗaya ne.

Dariya ta kama ni. Na ce masa na fi shekara ashirin ina ba da maki, kuma na san insha'in da na duba da safe da ƙoƙon koko a gabana ba ya samun abin da zai samu in na duba shi bayan azahar cikin zafi. Mutum ne ke dubawa, mutum kuwa yana da ciki da ido da gajiya.

"Wannan insha'i ne," in ji shi. "Su ƙarfe suke dubawa. Ƙarfe ba ya canza magana."

Daga nan gardama ta tsaya tsakaninmu, irin wadda ba ta ɓata zumunci amma ba ta mutuwa. Muka yanke shawarar kafin mu kai ga masanan Ingila, mu fara gwada namu na gida.

Na farko da muka je wa wani tsohon maƙerin farfaru ne a kasuwar Tambuwal, mai ƙera zobba da awarwaro. Idonsa ya fara rauni, amma hannunsa da kunnensa lafiya lau. Muka gaisa, na miƙa masa gwangwanin, na kuma kwance ƙyallen na ba shi sulen da alfahari. Bai ko kalli kan sarkin ba. Ɗaga shi ya yi ya sake shi a kan maƙera, ya karkata kunne. Malamin lissafi ya runtse ido kamar shi aka jefar.

"Tagulla na," tsohon ya ce, ya tura shi gefe da bayan hannu. "Kyawo gare shi, amma babu komi ciki."

Sai ya tona cikin gwangwanin ya zaro wani baƙin sule da ya suɗe sumul, ba a ko gane wane ne a jikinsa. Ya sake shi a kan maƙera, ƙarar ta fito siririya ta daɗe tana kaɗawa. Fuskarsa ta washe.

"Wanga shi na kuɗi, Malam. Azurfa ta. In ka bar min shi, zobe nika yi maka da shi."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya kasa su kashi uku: azurfa, da mai ɗan haɗi, da wanda ya kira banza. Sulen Gwaggo yana cikin banza. A hanyarmu ta komawa malamin lissafi ya ce wannan ba tantancewa ba ce, awon ƙarfe ne. Na yarda da shi, amma na ce mu bari mu gani.

Na biyu wani Alhaji ne a Sakkwato mai shagon tsofaffin kaya, takubba da tasoshin tagulla da duwatsun wuya. Shi yana da gilashin dubawa, yana da wani littafi mai hotunan kuɗi da bangonsa ya tsage, kuma ya san zancen makin saba'in, ya ce a wurin Turawan da ke zuwa sayen kaya a da ya koya. Ni na fara zuwa, ni kaɗai, da la'asar, na sauko daga bas rigata duk ta yamutse. Na kwance ƙyallen shuɗin a kan teburinsa. Ya ɗora gilashi a ido, ya juya sulen sau biyu, ya taɓe baki.

"Ba laifi. Matsakaici ne. Ka ce arba'in, ko da biyar in an yi masa alfarma. Irinsa suna da yawa."

Bayan mako uku malamin lissafi ya tafi da sulen, da hantsi, cikin babbar rigarsa ta Juma'a. Maiɗakina ta ara mana ɗan akwatin zobenta muka shimfiɗa auduga a ciki muka kwantar da shi. Ni na tsaya a bakin titi wurin mai rake ina jira. Bai daɗe ba ya fito yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

"Nawa?" na tambaye shi.

"Sittin da biyar," ya ce, bai kalle ni ba. "Wai ya shekara bai ga irinsa ba."

Tun daga Sakkwato har muka wuce Dogon Daji ina dariya a cikin mota, har wata mata da ke zaune a gabanmu ta waiwayo ta tambayi ko lafiya. Amma in zan faɗi gaskiya, ban ɗauka Alhajin ya yi niyyar cutar kowa ba. Ba saye ya ce zai yi ba, ba kuma sayarwa muka zo yi ba. Ranar farko hasken shagon ya dushe, ga mutum a yamutse da tsumma a hannu. Rana ta biyu kuwa hasken rana yana shigowa ta ƙofa, ga babbar riga, ga akwati. Ido yana ganin abin da ke kewaye da abu kafin ya ga abun.

Don a yi adalci muka koma wurin maƙerin, bayan mun cakuɗa gwangwanin sosai. Bai nuna ya tuna da mu ba. Ya sake jefa su ɗaya bayan ɗaya, ya kasa kashi uku, kuma malamin lissafi, wanda ya rubuta yadda aka kasa su a karon farko, ya bi takardarsa da biro. Duk sun faɗa inda suka faɗa a da, in ban da wani sisi guda da ya tashi daga azurfa ya koma mai haɗi. Da muka nuna masa, tsohon ya sake jefa shi, ya saurara, ya ce shi ma wancan karon sai da ya yi shakkarsa.

Ana cikin haka ne maiɗakina ta yi mini abin arziki. Ta ga na damu da gwangwanin nan, kullum ina zazzagewa ina mayarwa, hannuna yana yin baƙi. Wata ranar Alhamis na dawo daga makaranta na tarar da faranti a tsakar gida yana walƙiya a rana. Ta samu toka da lemun tsami da soson ƙarfe ta dirje su tas, kowane kwabo yana ƙyalli kamar sabon murfin tukunya. Sulen Gwaggo ne kawai ya tsira, don yana gidan malamin lissafi a cikin akwatin zobe.

Ni ma da farko na yaba. Sai da yamma, da malamin lissafi ya zo ya kira surukin nasa likita ta bidiyo don ya nuna masa kayan, muka san abin da ya faru. Likitan ya matso da fuskarsa jikin waya, sannan ya dafe kai.

"Wa ya wanke su?"

Maiɗakina tana bakin ƙofar kicin, ta ce ita ce. Likitan ya sassauta murya ya yi mata bayani cikin ladabi, cewa kuɗin da aka dirje masanan ba sa ba shi maki ko ɗaya, sai dai su rubuta an wanke. Wannan baƙin da koren da ta cire, shi masu tarawa suke nema, don shi ne shaidar shekaru.

Ta saurare shi har ya gama, sannan ta juyo gare ni. "Malam, wato datti suke saye?"

Na ce kusan haka ne.

"To Allah ya ba su lafiya," ta ce, ta koma kan tuwonta. Har yau ba ta yarda ta yi ɓarna ba, ni ma kuma ban matsa ba, don da ni na ga toka da lemun tsami a kusa da wataƙila ni zan fara.

Da babbar Sallah likitan ya zo gida. Mutum ne mai fara'a, ga son fura. Ya sa safar hannu ta roba kafin ya ɗauki sulen, ya fita da shi tsakar gida yana karkata shi a hasken rana, yana juyawa a hankali. Ya ce ba wani mai tsada ba ne, an buga irinsa da yawa, amma da wuya a samu wanda ya tsira haka a ƙasa mai zafi da gumi. Ya roƙi in ba shi ya tafi da shi a tantance, ya ce shi zai ɗauki nauyin komai, don shi ma yana son ya sani. Na ba shi.

Wata uku shiru. Sai ran nan malamin lissafi ya shigo ofishin malamai da waya a hannu yana murmushi. Hoton sulen ne a cikin gidan robarsa, da 'yar takarda a sama an rubuta hamsin da takwas.

"Ka gani ko," ya ce. "Ba arba'in ba, ba sittin da biyar ba. Hamsin da takwas. An gama magana."

Na ce na gani, na kuma yi masa murna. Wato dai masana sun ce sulen ya ɗan yi yawo kaɗan kafin a ɓoye shi.

Ashe likitan bai gamsu ba. Shi a ganinsa sulen bai taɓa shiga kasuwa ba. Sai ya yi abin da ya ce masu tarawa da yawa suna yi: ya fasa gidan robar, ya fitar da sulen, ya sake aika shi wa kamfanin nan dai, kamar sabon zuwa. Bayan wasu makonni hoto na biyu ya iso. Wannan karon malamin lissafi bai shigo da murmushi ba. Ajiye mini wayar ya yi a kan tebur ya tafi ajinsa. Sittin da biyu.

Da aka tashi tara ya dawo da shirinsa. Ya ce bambancin maki huɗu ne a cikin saba'in, kuma duk ma'aunin da ke duniya yana da ɗan kuskurensa, har sikelin asibiti. Ya kwatanta da na Alhajin Sakkwato da ya yi tsallen ashirin da wani abu. Na ce duk na yarda, masanan sun fi Alhaji daidaito nesa ba kusa ba. Amma huɗun nan ta tsallake sittin. Takarda ɗaya ta ce an kashe sulen, ɗaya ta ce ba a taɓa kashe shi ba, kuma gida ɗaya suka fito.

Muka kira likitan ya raba mu. Ya ce mu duka muna da gaskiya. Yawanci in an sake aikawa makin yakan dawo yadda yake, ko ya motsa da ɗaya. Amma a wannan iyakar ake samun saɓani, domin akwai 'yar gogewa a kumatun sarkin da saman gashinsa. Wani masanin zai ce yatsun mutane ne suka yi ta, wani ya ce gogayya ce da 'yan'uwansa a cikin buhu tun daga inda aka buga su. Ƙarfen ba ya faɗin wanda ya goge shi.

Wannan magana ta zauna mini, ba don sulen ba. Na tuna yawan takardun da na ba talatin da tara, alhali arba'in ce cin jarrabawa. Tun daga zangon nan, duk takardar da ta faɗo kusa da iyaka nakan ware ta gefe in sake karanta ta washegari ba tare da na kalli makin farko ba. Wasu suna hawa, wasu suna sauka. Ban gaya wa malamin lissafi ba sai da aka daɗe, don kada ya ce ya ci gardama, ko ya ce ni na ci.

Sulen ya dawo ta hannun wani ɗan'uwan likitan, a cikin gidan robarsa na biyu. Ranar Asabar na hau mashin na kai wa Gwaggo ta gani. Na same ta a inuwar zaure tana tsinkar zogale. Ta karɓa ta jujjuya, ta ƙwanƙwasa robar da farce, ta nemi inda ake buɗewa ba ta samu ba.

"Mi anka yi mai haka? Laifi yay yi?"

Na kwashe labari na ba ta tun daga maƙeri har Ingila. Ta fi jin daɗin wurin toka da lemun tsami, ta ce matata 'yar albarka ce. Da na zo kan maki biyun sai na ce, "Gwaggo, ke kaɗai za ki raba gardamar nan. An taɓa kashe sulen nan ko ba a taɓa ba?"

Ta ajiye zogalen ta yi ɗan tunani. Ta ce shekarar tana yarinya, ba ta fi a aike ta kasuwa ba, mahaifinta ya kai gyaɗa sikeli aka biya shi da sababbin sulalla daga cikin buhu. Da ya dawo gida ya zaɓi ɗaya ya ba ta, don ita ta fi kowa tsayawa wurin ɓarar gyaɗar. Ba a taɓa ba ta kuɗi nata na kanta ba. Kwana biyu tana yawo da shi a ƙulle a bakin zane. Ranar kasuwa ta ga wani ɗankwali ja wurin wata mai koli, ta kwance sulen ta miƙa, aka ba ta ɗankwali.

"To an kashe ke nan," na ce.

"Tsaya mana. Ban kai gida ba nis soma kuka. Ɗankwalin na hannuna, amma sulen nika so."

Innarta ta tambayi abin da ya faru, ta yi mata faɗa kaɗan, sannan ta ƙirgo kwabo goma sha biyu daga cikin kuɗin furarta ta kama hannunta suka koma kasuwa. Mai kolin ta yi ta dariya, ta karɓi kwabban, ta buɗe ƙwaryar cinikinta ta zaro sule ta ba ta. Daga ranar ta naɗe shi a ƙyalle, ba ta sake fitar da shi ba sai dai ta duba ta mayar. Ɗankwalin kuwa ta ɗaura shi har ya yage.

Na ce to, ya yi yawon rabin yini ke nan, daga hannunta zuwa ƙwaryar mai koli ya dawo. Har na fara tunanin yadda zan shirya wa malamin lissafi bayanin, sai Gwaggo ta ɗaga gidan robar ta kare shi da hasken ƙofa, ta ƙanƙance ido.

"Amma fa ka sani, lokacin kowa ya sai da gyaɗa. Ƙwaryar matar cike take da sababbin sulalla, duk iri guda. Ta dai sa hannu ta ɗauko ɗaya. Ko nawa na, ko na wani na, ni ban sani ba. Ban ko tambaya ba, murna nikai."

Ta miƙo mini shi, na ce ta riƙe, nata ne. Ta tura shi ƙarƙashin tabarma ta ci gaba da tsinkar zogale, ta ce in zan koma in tsaya a ɗaura mini daddawa in kai wa matata.

Ranar Litinin na ba malamin lissafi labarin duka a ofishin malamai. Ya saurara yana kaɗa biro a kan tebur. Da na gama ya tambaye ni ko mai kolin tana da rai. Na ce masa da ƙyar, matar da ta girmi Gwaggo da shekara talatin. Ya ce to ko 'ya'yanta. Aka kaɗa ƙararrawa, ya tattara allinsa, ni ma na ɗauki nawa, muka fita yana ce mini in na sake zuwa Kebbe in dai tambaya.